Zuwa ga Ma'ajin Matattun Kuɗin Sin

Zuwa ga mai girma, mai alfarma, mai tarin dukiyar da ba ta sayen ko ashana. Gwamnan Babban Bankin Saman Kabad. Ma'ajin daulolin da suka rushe tun kafin a yi wa kakanninmu suna. Attajirin da ya mallaki miliyoyi a cikin leda amma yake lalube aljihu in zai shiga bas. Babban wana, Yaya Kabiru, wanda a yau yake zaune a birnin Kano cikin ƙoshin lafiya, in ji masu ganinsa.

Daga ƙaninka, bawan Allah mai rauni, mai gadin taskarka ba albashi ba hutun ƙarshen shekara, Nasiru, a Takoma Park.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Na cire takalmina tun daga bakin wannan takarda, na durƙusa, ina miƙo gaisuwa irin wadda ta dace da muƙaminka. Ina gajiya, ina kasuwa, ina iyali? Na zaɓi in rubuto a nan, a bainar jama'a, domin 'yan uwa da abokan arziki su zama shaidu cewa na cika sharuɗɗan ladabi kafin in shigar da ƙorafi.

Ga halin da ake ciki. Ƙarshen watan nan za mu saki gidan hayar nan na saman bene, wanda muka sauka a cikinsa tun zuwanmu ƙasar nan. Gwiwoyin Umma sun shigar da takardar murabus a kan matakala, don haka za ta koma wurin 'yar uwarmu Adda Binta a Manassas. Ni kuwa na sami ɗaki a Beltsville kusa da wurin aikina, ɗakin da in na buɗe hannuwana zan gaisa da bango biyu lokaci guda. An raba kujeru, an raba tukwane, har tsohuwar fankar nan mai tari ta sami mai ɗauka. Abu ɗaya ne ya rage ba a san makomarsa ba, wato albam-albam ɗinka na tsofaffin kuɗin ƙasar Sin.

Adda Binta ta yanke hukunci, kuma ka san hukuncinta ba a ɗaukaka ƙara a kansa: a sayar, a aika maka da abin da aka samu ka ƙara jari. Ta ce wai ka riga ka amince. Ni dai ban ji da kunnena ba. Abin da na sani shi ne, ranar da suka bar hannunmu, babu sauran wani abu a ƙasar nan da zai ce ka taɓa zama a cikinta, balle ya ce za ka dawo.

Ka tuna takardar farko? Lokacin kana kai wa mutane abinci gida-gida daga wani gidan abincin Sinawa a hanyar Langley Park, da waccan motar taka da ba ta tashi sai an yi mata addu'a. Ranar sabuwar shekararsu, dattijon da ke da wurin ya ba kowane ma'aikaci jan ambulan. A cikin naka ya haɗa da wata tsohuwar takardar kuɗi ta ƙasarsu da aka daina karɓa, mai hoton wata mata tana tuƙa tarakta tana murmushi, kamar ba ta san akwai ranar da za a daina kashe ta ba.

Ka shigo da ita gida kana dariya, ka juya bayanta, sai ka kafa mata ido. A jerin rubuce-rubucen da ke bayan, ga harufan Larabci a zaune, irin ajamin da muka saba gani a jikin naira.

Umma ta ɗauko tabarau. Ta bi harufan ɗaya bayan ɗaya, suna fita a bakinta, ma'ana ta ƙi fita. Ta jinjina kai ta ce, "Ikon Allah, ashe har can ana ajami." Daga baya ka gano yaren wasu Musulmi ne na yammacin ƙasar, kuma sunan banki kawai aka rubuta. Ka yi mata bayani dalla-dalla. Bayanin bai canja komai ba. A ranar aka kafa dokar da har yau ba a soke ta ba: ba a ajiye su a ƙasa, ba a tura su ƙarƙashin gado, ba a tsallake su, ba a shiga banɗaki da su a aljihu. "Takardar da ke ɗauke da alif ba ta kwana a ƙasa." Da haka babban bankinka ya sami mazauni a saman kabad, ƙasa kaɗan da inda ake ajiye Alƙur'ani. Hatta waɗanda babu alif ko ɗaya a jikinsu sun ci albarkacin 'yan uwansu.

Daga nan cutar ta kama ka. Samarin Takoma Park na tara kuɗi su sayi takalmi da sabuwar waya, kai kana tara kuɗi ka sayi kuɗi. Kowace Asabar da hantsi mu share teburin cin abinci, mu wanke hannu har gwiwa kamar masu alwala, ka fito da hantsaki da gilashin ƙara girma, ka zauna kamar alƙalin da zai saurari shari'ar gado. A teburin nan na ga jiragen ruwa, da gadoji, da tumaki a makiyaya, da jirgin ƙasa yana fitar da hayaƙi, da wata takarda mai sifili a jere kamar ƙwan zabi, wadda ka ce a zamaninta ma da ƙyar take sayen kwanon shinkafa.

A nan ka koya mini yadda ake sanin daraja. A karkatar da takarda a gaban fitila, domin ninki ba ya ɓuya wa hasken da ya zo ta gefe. A duba kusurwoyi ko suna nan da kaifinsu. A ji tudun tawada. A saurari ƙarar takardar da ba ta taɓa shiga aljihun kowa ba. Ka nuna mini hoton wasu guda biyu da a idona tagwaye ne, ka ce launin bayansu kawai ya bambanta, amma ɗaya za ta biya mana kuɗin haya, ɗayar kuwa ko shayi ba za ta saya ba. Na ce wannan zalunci ne tsakanin 'yan uwa. Ka ce in rufe baki, numfashina yana da danshi.

Akwai maganarka da nake yawan maimaitawa, har abokan aikina sun ɗauka karin magana ce ta mutanen da: "Kuɗi mai rai gudun talaka yake yi. Matacce ne kaɗai ke zama inda ka ajiye shi."

Ba zan rufe wannan babi ba tare da na tuna maka da yaƙin Baltimore ba, domin tarihi amana ne. Mun je babban taron masu sayar da tsofaffin kuɗi, da dambun naman Umma a leda, da darduma a bayan mota. Ka ga wata takarda da ta tafi da hankalinka. Baturen da ke sayar da ita ya faɗi farashi. Ka taya rabin rabi, kamar yadda aka koya wa duk ɗan halas a Kano. Ya ce a'a. Ka gyara hula, ka kama hannuna, ka raɗa mini cewa in lura da kyau, yanzu zai kira mu. Muka juya muka fara tafiya, tafiya irin ta manya, ba waiwaye. Muka wuce teburi na gaba. Muka wuce na gaba da shi. Muka isa bakin ƙofa. Muka fita har inda ake ajiye motoci, iska mai sanyi tana dukanmu, babu wanda ya kira.

Ka tsaya ka dubi sama na ɗan lokaci, ka ce mutanen nan ba su san ciniki ba. Muka ci dambu, muka yi Azahar a gefen mota, sannan muka koma ka biya yadda ya faɗa tun farko, kana yi masa kallon wanda aka yi wa alfarma.

Sai kuma ta raƙuma. Wannan ba ka taɓa mallakar ta ba. Hotonta kawai ka buga ka manna a bango saitin gadonka: ayarin raƙuma a jikin kuɗin Sin, kai ka ce fatake ne suka taso daga Agadas suka yi ɓatan kai. Kullum kana cewa baɗi. Kafin baɗin ta zo, farashinta ya haura inda ko a mafarki ba ka kaiwa. Ka ce Sinawan da suka yi arziki ne suka fara bin duniya suna sayen kuɗin da iyayensu suka kashe, suna mayar da su gida. Ba ka ji haushi ba. Ka ce, "Tsohon kuɗi ba ya tsada sai masu kewarsa sun yi yawa." Na yi dariya a lokacin, na ce falsafar wanda ba shi da kuɗin saye ce. In da gaske ne wannan ma'aunin naka, Yaya, to ina sanar da kai a hukumance cewa a gidan nan farashinka ya wuce na raƙuman.

Da aka bugo waya aka ce Baba ya rasu, ba ka yi shawara da kowa ba. Ka san takardunka na zaman ƙasar nan ba za su ba ka damar dawowa ba in ka fita. Mu ma mun sani. Ka ce ba za a yi zaman makokin mahaifinka babu ɗansa namiji ko ɗaya a tabarma ba, kuma akwai ƙannen Baba da gida da za a riƙe. Umma ba ta ce ka tafi ba, ba ta ce ka zauna ba. Ta shiga ɗaki ta goge maka kaya.

A filin jirgi na shirya kalmomi manya-manya na ban kwana, waɗanda na kwana biyu ina tsarawa. Ba ka ba ni fili ba. Ka riƙe kafaɗata ka shiga ba ni umarni: kada rana ta gan su, kada su kusanci na'urar ɗumama ɗaki, kada in bar kowa ya taɓa da hannun miya. Kana magana kana kallon allon tashin jirage, ni ina kallon takalmina. Ka ce, "Ka riƙe mini su, ba daɗewa zan yi ba." Muka yi kamar mun yarda.

Shekarun farko kana kira mu yi ta hira har kunne ya yi zafi. Ka tambayi Umma, ka tambayi dusar ƙanƙara, ka tambayi matar tarakta kamar surukarka ce. Sannan shago a kasuwar Kwari, sannan aure, sannan 'ya'ya. Ban ga laifinka ba. Na ji ma an ce atamfar da kake sayarwa daga Sin take zuwa, na ce to, aƙalla dangantakar diflomasiyya ba ta yanke ba. Amma kiran ya riƙa gajarta kamar wandon yaro mai tasowa, har ya kai sai a Sallah, kuma ko a Sallar, in Umma ta miƙo mini waya, sai in ji ana kiranka daga can ciki.

To, makon jiya na bi umarnin Adda Binta. Na naɗe albam-albam ɗin a cikin tsohon bargonka, na ɗaura musu bel a kujerar gaba, na kai su wurin wani dattijon dillali a Virginia domin ya yi musu kuɗi. Duk tsawon hanya ji nake kamar mai kai ragon da ya kiwata da hannunsa mahauta.

Dattijon ya san aikinsa. Ya buɗe shafi-shafi cikin natsuwa, ya ce wanda ya tara waɗannan yana da ido, yana da haƙuri, kuma ba shi da kuɗi. Na ce ya yi maka cikakken tarihin rayuwa. Ya zaro ɗaya daga ledarta ya karkatar a gaban fitila, yadda kake yi. Sai na ga ya ɗaure fuska. Ya zaro ta biyu. Ya zaro ta uku. Sannan ya yi abin da ban taɓa gani a teburinmu ba: ya kai ta hanci ya shinshina.

Yaya, ka zauna in kana tsaye. Ya ce an goge su. Da dutsen guga. Kusan dukkansu, kuma ba sau ɗaya ba. Tudun tawadar ya kwanta, takardar ta yi wani sheƙi da ba nata ba, ƙarar nan da ka koya mini saurare ta tafi. Ya ce yana zargin har da sitaci. Ban musa ba. Ya tambaye ni wane irin ƙamshi ne wannan, domin tun da yake sana'ar bai taɓa jin kuɗi na irin wannan ƙamshin ba. Na karɓa na shinshina. Turaren wutar Umma ne, wanda take haɗawa da kanta, wanda ke jikin duk rigar da ka taɓa sawa ka tafi Idi.

Farashin da ya furta, ladabi ya hana ni rubuta shi a gaban jama'a. Ya isa in ce ba zai sayi tikitin jirgi zuwa Kano ba, ko na zuwa kaɗai.

Da na dawo gida na tambayi Umma a hankali, kamar mai tambayar labarin wasu. Ko ɓoyewa ba ta yi ba, ita a wurinta abin a yaba ne. Bayan tafiyarka, kowace Juma'a in na tafi masallaci, sai ta fito da rigunan da ka bari ta goge, ta turara, ta mayar. Daga baya aka sami mai zuwa Kano, aka aika maka da rigunan. Juma'a ta zagayo, ta jona dutsen guga, ta duba gidan nan kaf ba ta ga wani abu naka da za ta goge ba. Sai ta ɗaga kai ta ga saman kabad.

Alwala take yi tukuna. Ta zaro su ɗaya-ɗaya, ta shimfiɗa farin hankici a kai, ta bi da dutsen a hankali, yadda take yi wa tsofaffin naira a can gida in za ta ba yara barka da Sallah. Sannan ta riƙe kowace a saman kasko ta sha hayaƙi. Yanzu na gane abin da ya sa maƙwabcinmu na ƙasa yake cewa ƙararrawar hayaƙin gidanmu tana da ranar ibada. Abin da ta ce mini ke nan: "Ba zan bar kayan ɗana a yamutse ba, ya dawo ya ce ba mu kula ba."

Ban gaya mata abin da gugar ta jawo ba, kuma ba zan gaya mata ba. Na ce mata dillalin ya ce bai taɓa jin kuɗi masu ƙamshin waɗannan ba, wanda gaskiya ne tsantsa. Ina roƙon masu leƙen wannan wasiƙa ta bayan kafaɗata, musamman matan da suke haɗuwa da ita a wurin karatun Lahadi, su taya ni riƙe baki.

Kada ka ɗauka ta'aziyya na zo yi maka. A hanyar dawowa daga wurin dillalin, a cikin cunkoson motoci, na kama kaina ina ta hamdala da ƙarfi, har na motar gefe ya ɗaga gilashinsa. Tattalin arzikinka ya durƙushe, ni kuwa ban taɓa jin daɗin faɗuwar wata kasuwa irin wannan ba. Na kai wa Adda Binta rahoto da fuskar jimami, na ce kadarar ta faɗi warwas, sayarwa ma abin kunya ne. Ta juya baya tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara, ta ce to in kwashe tarkacen in tafi da su. Na riga na kafa musu katako a ɗakin Beltsville, can sama, saitin kaina. Umma ta ce in riƙa kawo mata su Manassas duk Juma'a. Na ce to. Abin da ya rage a jikinsu na lalacewa bai kai abin da take samu ba.

Kafin mu rabu na nemi Adda Binta ta nuna mini hujjar amincewarka. Ta buɗe waya. Ta rubuta maka dogon bayani, da sallama, da dalilai, da ban haƙuri. A ƙasa ga amsarka: hoton babban yatsa a ɗage. Guda ɗaya. Na daɗe ina kallonsa, Yaya. Na karkatar da wayar a gaban haske ko zan ga wani ninki a jikinsa, wata alama da za ta nuna mini ko da daɗin rai ka aiko shi, ko kuwa ka kasa rubuta abin da ke bakinka ne. Ban ga komai ba. Mutumin da ya taɓa yi mini lacca tun daga Baltimore har gida a kan kusurwar takarda ɗaya, yau shekarunsa na tarawa sun ƙare a yatsa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ƙara wa Umma lafiya, Ya sassauta wa gwiwoyinta, Ya nuna mata ranar da za ta goge rigar da mai ita yake tsaye yana jira. Allah Ya buɗa maka kasuwa, Ya raya maka zuriya, Ya ba ka kuɗi masu rai waɗanda ba sa gudu. Allah Ya sada fuskokinmu a inda Ya ga dama, a nan ko a can, muna masu lafiya da imani. Amin.

Ƙaninka mai biyayya, Muƙaddashin Gwamna na wucin gadi,
Nasiru.

Af. Duk abin da ka karanta a sama shimfiɗa ce, ga ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A albam na ƙarshe akwai wata doguwa siririya, wadda ba ta da hoton mutum ko na dabba, sai rubutun buroshi da jan hatimi. Umma ta sha zaro ta tana mayarwa, kowace Juma'a da inda take fuskanta, har yanzu babu wanda ya san ina ne samanta ina ne ƙasanta. Ba zan kai ta sabon ɗaki a kife ba. Na san wayata za ta iya gaya mini in na nuna mata. Ban tambaye ta ba, ba ita ce Gwamna ba. Babban yatsa kuma ba zai raba wannan gardama ba, domin shi ko me aka tambaye shi sama yake nunawa.

Ka kira ni ta bidiyo ranar Asabar, bayan La'asar ɗinku, lokacin nan hantsi ne. Zan wanke hannu, in ɗaga ta a gabanka in riƙa juyawa, in ta daidaita ka ce in tsaya. Ina dai gargaɗinka tun yanzu, ka sallami masu saye ka nemi kujera: a hankali nake juya takarda.